Kwamfuta Ta Karɓi Abcde, Ta Ƙi Ɗahiru

Jama'a, a cikin watan Nuwamba na shekarar 2018 wani abu ya faru a filin jirgin sama na John Wayne da ke jihar Kalifoniya ta ƙasar Amurka, wanda har yau in aka tashi zancen sunayen yara sai an tuno da shi. Wata mata ce ta zo da ɗiyarta mai shekara 5 za su hau jirgin kamfanin Southwest zuwa garin El Paso na jihar Texas. Da aka ga sunan yarinyar a wurin duba takardun shiga jirgi sai aka kwashe da dariya ana nuna su, ita kuwa yarinyar tana ji tana gani. Abin bai tsaya nan ba, sai da aka ɗauki hoton takardar aka watsa ta a intanet domin duniya ta taya dariya. Sunan yarinyar dai Abcde, wato baƙaƙe biyar na farkon abacada a jere, ana kuma furta shi Absidi. Da maganar ta fito fili, kamfanin ya nemi gafarar iyalin.

Mai karatu na iya zaton ita kaɗai ce a duniya, to ba haka ba ne. Alƙaluman hukumar gwamnatin Amurka da ke tara sunayen jarirai sun nuna cewa tsakanin 1990 da 2014 an raɗa wa ƴaƴa mata 328 wannan suna, zuwa 2017 kuma adadin ya kai 373. A shekarar 2021, wajen rigakafin cutar korona a tsibirin Sumatra na ƙasar Indonesiya, ma'aikatan lafiya sun yi karo da wani yaro mai shekara 12 wanda sunansa ya tashi daga A ya zarce har K, sai da aka nuna musu takardunsa suka yarda ba wasa ake yi da su ba. A shekarar 2020 kuma attajirin nan Elon Musk ya sanar da duniya cewa sunan jaririnsa X Æ A-12, daga baya aka mayar da 12 ɗin zuwa Xii, domin dokar Kalifoniya ba ta karɓi lamba a cikin sunan mutum ba.

Tun farko bari mu faɗi matsayinmu game da yarinyar nan: ba ta da laifin komai. Babu jaririn da ake shawara da shi ranar suna, kuma babban da ya tsaya yana yi wa ƴar shekara 5 dariya a bainar jama'a shi ne ya ji kunya, ba ita ba. To amma wannan bai hana mu tambayi abin da ya sa uwa da uba za su dubi abin da suka haifa su kira shi da jerin da ake koya wa ƴan aji ɗaya ba. Abin da ya ƙara jan hankalinmu shi ne, wannan jeri da ya shiga takardun haihuwa shi ne dai ya cika cikin kwamfutocinmu da wayoyinmu na salula, wani wuri yana amfani, wani wuri yana ɓarna. Kuma idan aka bi zancen a hankali za a ga ya biyo ta ƙofar gidanmu.

Shi dai jerin a, b, c, d ba jiya aka fara shi ba. Masu tonon kayan tarihi sun samu allunan yumɓu a kufan birnin Ugarit da ke gaɓar tekun ƙasar Siriya, waɗanda suka haura shekara 3,000, an jera baƙaƙe a kansu bisa tsari mai kama da wanda muka sani yau. Girkawa suka ce alfa, beta, gamma, delta. Larabawa suka ce alif, ba, jim, dal, inda aka samu kalmar abajada. Mu kuma da boko ya zo muka ce abacada. Malamanmu na da sun ci moriyar wannan jeri ƙwarai, domin a wurinsu kowane harafi yana da adadinsa: alif 1, ba 2, jim 3, dal 4, haka har zuwa dubu. Idan malami ya kammala waƙarsa ta ajami sai ya rufe da ramzi, wato kalma guda wadda in aka haɗa adadin baƙaƙenta za ta ba da shekarar Hijira da aka yi waƙar. A lissafin Magariba da ake bi a ƙasashenmu, shin 1000 ne, ra kuma 200, shi ya sa galibi za ka tarar da waɗannan baƙaƙe biyu a ramzin waƙoƙin zamanin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da ɗiyarsa Nana Asma'u.

Abin da malaman nan suka yi da alif da ba, shi ne injiniyoyi suka yi da A da B. Ita kwamfuta ba ta san harafi ba, lamba kawai ta sani. Saboda haka a shekarar 1963 aka fitar da tsarin ASCII a Amurka, wanda ya ba kowane harafi lambarsa: A ya samu 65, B 66, C 67, har zuwa Z da ya samu 90. Duk lokacin da kwamfuta ta jera maka sunaye daga Abdu zuwa Zakari, waɗannan lambobi ne tushen aikin. Mai karatu ya riƙe wannan a ransa, domin za mu dawo kansa.

Jerin ya bar sawunsa ko'ina a wannan fanni. Duk wanda ya taɓa buɗe kwamfuta mai Windows ya ga ana kiran babban rumbunta C. To ina A da B suka shiga? Na faifan nan ne da ake zurawa a zaro a kwamfutocin shekarun 1980. Faifan sun ɓace, C kuwa ya zauna a gurbinsa na uku har yau. A ɗakin bincike na Bell da ke Amurka, Ken Thompson ya ƙirƙiro wani harshen tsara manhaja ya kira shi B, da Dennis Ritchie ya gina wani a kansa wajen 1972 sai ya ce C, a 2001 kuma Walter Bright ya fito da D. Daga 2009 zuwa 2018 kamfanin Google ya riƙa sa wa kowane sabon zubin Android sunan kayan zaƙi bisa jerin abacada, daga Cupcake da Donut da Eclair har zuwa Oreo da Pie, kafin ya koma kiran su da lamba a 2019. A 2015 ma da masu Google suka kafa uwar kamfaninsu, Alphabet suka kira ta, adireshinta na intanet kuma abc.xyz.

Hatta madannan da muke bugawa kullum suna ɗauke da ragowar jerin. Keken rubutu na farko da Christopher Sholes ya ƙera a garin Milwaukee, baƙaƙensa a jere suke bisa abacada. Shi ne ya yi ta sauya musu wuri har aka kai ga tsarin QWERTY da kamfanin Remington ya fara sayarwa a 1874. Mu nan da muka gaji tsarin AZERTY na Faransa, sai mu dubi layin tsakiya: D, F, G, H, J, K, L, M. Abacada ce tsaf, an zare E da I kawai.

A duk waɗannan wurare babu wanda zai ce jerin ya yi laifi. Rumbun kwamfuta ba ya jin haushi don an kira shi C, manhaja kuma ba ta zuwa makaranta balle yara su tsokane ta. Aikin jeri guda ne, ya gaya maka wane ne gaba wane ne baya, kuma amfaninsa duka yana cikin cewa kowa ya san shi, kowa na iya faɗin abin da zai biyo. To wannan siffa da ta sa ya yi kyau wajen jera kaya, ita ce ta sa ya zama masifa a wajen kulle ƙofa.

A watan Disamba na 2009 masu kutse suka fasa rumbun wani kamfanin intanet mai suna RockYou, suka kwashe kalmomin sirri sama da miliyan 32 suka watsa a fili. Da masana suka zauna suka tantance su, 123456 ce ta zo ta ɗaya, abc123 kuma tana cikin goma na farko. Shekara goma bayan haka, a 2019, cibiyar tsaron intanet ta gwamnatin Birtaniya ta fitar da nata binciken kan asusun da aka taɓa fasawa a duniya, inda ta samu 123456 a asusu miliyan 23.2, qwerty kuma a miliyan 3.8. A ƙasashe masu amfani da Faransanci, azerty ce ke cin wannan kasuwa. Wato dai shekara goma ana wa'azi, jama'a ba su sauya ba. Har ta kai a watan Afrilu na 2024 Birtaniya ta fara aiki da dokar da ta hana masu ƙera na'urori masu hawa intanet su sayar da su da kalmar sirri irin admin ko 12345.

Dalili kuwa a fili yake. Ɓarawon intanet ba ya zama yana kacici-kacici da ka. Yana da jerin kalmomin da mutane suka fi sakawa, na'urarsa ce ke gwada su ɗaya bayan ɗaya cikin ƙiftawar ido, kuma da abc123 da azerty take farawa. Wanda ya saka irin wannan kalma daidai yake da mai gidan da ya kulle ƙofa da ƙaton kwaɗo ya ajiye mabuɗin a ƙarƙashin dutsen bakin ƙofa, inda kowane ɓarawo yake fara dubawa. Masu iya magana sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

A nan ne ya kamata mu daina hangen Amurka mu dubi kanmu, domin laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Mu nawa ne muka buɗe asusunmu na Facebook ko na imel da hannunmu? Da yawa daga cikin iyayenmu da ƴan kasuwarmu, yaron shagon gyaran salula ne ya buɗe musu. Shi kuwa yaron layi na jiransa, sai ya danna abin da ya fi kusa da yatsansa, ko azerty, ko 123456, ko sunan mai wayar haɗe da shekarar haihuwarsa. Mai waya ya biya ya tafi, bai san abin da aka saka ba, wanda ya sani kuma bai sauya ba. Da can abin da za a rasa hotuna ne da gaisuwa. Yanzu kuwa kuɗin mutane a cikin waya suke, cinikin ɗan kasuwa a WhatsApp yake, kuma wanda ya ƙwace asusunka da sunanka zai bi ƴan'uwanka yana roƙon a turo masa jika goma cikin gaggawa. Maganin bai da tsada. Masanan Birtaniyar nan sun ba da shawarar a haɗa kalmomi uku da babu abin da ya haɗa su, mu kuwa Allah ya hore mana harshe mai yalwar kalmomi. Mutum ya zaɓi uku daga kansa, kada sunansa ko na ƴaƴansa ko lambar wayarsa su shiga, kada ya yi amfani da kalma guda a kowane asusu, kuma ya sauya wadda aka saka masa a shago tun kafin ya isa gida.

A ganinmu Abcde da abc123 uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Abubuwa biyu ne da ya kamata su zama na mutum shi kaɗai, sunan da za a kira shi da shi, da kalmar da za ta tsare masa dukiya, aka je aka ɗauko musu abin da yake na kowa da kowa. Abin mamaki ma shi ne, iyayen da ke zaɓen Abcde galibi neman suke ɗiyarsu ta fita daban, alhali sun ba ta abin da duk mai gwada sabuwar kwamfuta yake bugawa in ya rasa abin rubutawa. Duk inda ta cike takarda, akwai yiwuwar wanda ya gani ya ɗauka gwaji ne ko wasa, sai ta yi ta rantsuwa cewa sunanta ne, kamar yadda ya faru da yaron Sumatra.

Mun san wani zai ce, ku Hausawa ai ba ku da bakin magana, domin ku ma kuna jera ƴaƴa kamar buhuna. Ga Auwalu ko Lawal, ga Sani, Salisu, Rabi'u, Hamisu, Sadisu, Sabi'u, Saminu, Tasi'u, Ashiru, wato na ɗaya har zuwa na goma da Larabci. Kuma kuna da Yasin da Ɗaha, waɗanda baƙaƙe ne zalla. Sannan wanda ya iya kiran ɗansa Ajuji ai bai kamata ya yi wa Abcde dariya ba. Wannan magana tana da ƙarfi, kuma ita ce ta sa muka ce dariyar ba ta dace ba. To amma akwai bambanci. Asalin jerin Auwalu da Sani shi ne uba yana son ya sa wa ƴaƴansa maza duka Muhammadu, sai aka nemi abin da zai rarrabe su. Ke nan Salisu ba uku ba ne kawai, Muhammadu ne na uku a gidan, jerin yana faɗin gaskiya game da shi, kuma yana jingine da sunan da uban yake neman albarkarsa. Yasin da Ɗaha sunayen surori ne na Alƙur'ani, darajarsu daga can ta fito. Ajuji kuwa, duk wanda ya san yadda uwar da ƴaƴa suka yi ta mutuwa a hannunta take ji, ya san babu wasa a cikin wannan suna, akwai hawaye da fatan wannan ya tsaya.

Haka sunayenmu suke, kowane da labarinsa. Jummai da Ɗanjuma sun gaya maka ranar da aka haife su, haka Ladi da Talatu da Balarabe da Asabe. Tanko ya gaya maka mata ne suka riga shi, Kande ta gaya maka maza ne a gabanta, Gambo ya biyo tagwaye, Auta ya rufe ƙofa, Azumi ta zo cikin watan Ramadan, Nomau ya zo ana aikin gona. Sunan yanka kuma ba a gaggawa da shi. Kwana bakwai ake ba uba ya yi tunani, ya yi shawara da magabata, ya tuna da mahaifinsa ko malaminsa ko wani mutumin kirki da yake son yaron ya gado, sannan a raba goro, liman ya yi addu'a, a yanka rago, a sanar da jama'a. Addini ma ya sanya kyakkyawan suna cikin haƙƙin ɗa a kan mahaifinsa. Hausawa suka taƙaice zancen suka ce suna linzami ne. Tambayar da za mu yi wa masu Abcde ita ce, wannan linzami ina zai ja yarinyar? Me ya faɗa game da ita, ban da cewa iyayenta sun so a ce sun iya dabara?

To ko hukuma ta shigo ta hana? Wasu ƙasashe sun yi haka. A 2022 ma'aikatar cikin gida ta Indonesiya ta fitar da ƙa'ida cewa sunan da za a rubuta a takardun hukuma ya zama mai sauƙin karantawa, marar mummunar ma'ana, kada ya gaza kalma biyu, kada ya wuce baƙaƙe 60, kuma babu lamba a ciki. Muna ganin hikima a cikin kare yaro daga sunan da zai zame masa kaya. Sai dai akwai wani labari daga ƙasar Sin da ya kamata ya sa mu yi hattara. A lardin Jiangxi akwai wani matashi da mahaifinsa ya sa masa harafin C na boko a matsayin suna, ya rayu da shi sama da shekara 20 babu wanda ya ce uffan. Da aka zo sauya katin ɗan ƙasa zuwa na zamani sai ƴan sanda suka ce tsarin kwamfutarsu ba zai ɗauki sunan ba. Ya kai ƙara ya yi nasara a kotun farko a 2008, amma da aka ɗaukaka ƙara a 2009 sai aka sasanta a kan ya sauya suna. A lura, ba al'ada ce ta kayar da shi ba, ba kuma addini ba. Na'ura ce ta ce ba ta iyawa, sai aka ce mutum ya gyara kansa ya dace da na'ura.

Wannan shi ne ainihin abin da ya sa muka ɗauko alƙalami, domin abin da ya samu matashin nan sau ɗaya, mu kullum yake samunmu. Mai karatu ya gwada rubuta Abcde a kowace takardar cikewa ta intanet, zai ga ta wuce sumul. Ya dawo ya rubuta Ɗahiru, ko Ƙasimu, ko Bilƙisu, ko Ɗanladi. Sau da yawa ko a ce masa ya saka harafin da ba a sani ba, ko sunan ya fito da alamar tambaya ko ɗan akwati a inda ƙugiya take. Sunan da ba ya nufin komai ya samu shiga, sunan da kakanni suka yi ɗaruruwan shekaru suna amsawa an tsayar da shi a bakin ƙofa. Dalili shi ne tsarin ASCII da muka ambata gurbi 128 kawai gare shi, kuma don Ingilishi aka yi shi. Tsarin Unicode da ya fito a 1991 ya gyara wannan, ya ba baƙaƙenmu lambobinsu: Ɓ 385, Ɗ 394, Ƙ 408, Ƴ 435. Ke nan sama da shekara 30 da samun magani, amma har yanzu akwai manhajojin da ba su sha ba. Wadda ma ta karɓi harafin, in ba a koya mata jerin Hausa ba, sai ta kai Ɗahiru can ƙasan takarda bayan Zakari, domin 394 ya fi 90. A ɗauka ɗalibi ne ya zo duba sakamakon jarrabawa, ya nemi sunansa a inda ya saba ganinsa bai gani ba, wa zai gaya masa ya duba bayan Z? Ganin wannan wahala ne ya sa ma'aikata suke cire ƙugiyar su huta, mu kuma muka saba har muka fara cire ta da kanmu. Alhali yaro ma ya san baki daban baƙi daban, kafa daban ƙafa daban.

A kan wannan kuma sai ga gadon rubutu iri biyu. Ɗan Maraɗi Ousmane ne, ɗan baffansa na Katsina Usman. Nan Chaibou, can Shu'aibu ko Shaibu. Nan Issoufou, can Yusuf. Nan Tchima, can Cima. Mutum guda sai ka tarar takardar haihuwarsa ta rubuta shi iri ɗaya, takardar makaranta wani iri, ta banki wani iri. Lokacin da akawu ne mai ido da hankali yake dubawa, ya san mutum ɗaya ne, ya buga hatimi. Kwamfuta kuwa harafi da harafi take gwadawa, in ɗaya ya saɓa sai ta ce mutum biyu ne. Daga nan sai a shiga zirga-zirga tsakanin ma'aikatar magajin gari da kotu ana neman takardar gyaran suna, wani ya makara rajistar jarrabawa, wani kuɗinsa su maƙale, wani tafiyarsa ta lalace. Talaka ne ke biyan kuɗin harafi guda da kwanakinsa da guminsa.

Ba mu ce a yi rigima da abin da duniya ta haɗu a kansa ba. Layuka biyun nan na ƙasan fasfo da na'ura ke karantawa, ƙa'idar hukumar sufurin jiragen sama ta duniya ce ta ce A zuwa Z da lambobi kaɗai za su shiga, kuma kowace ƙasa haka take bi. To amma Bajamushe mai suna Müller, a saman fasfonsa an rubuta masa sunansa da ɗigo biyunsa, a ƙasa ne kawai aka mayar da shi MUELLER bisa ƙa'ida guda da kowane ofis ya sani. Jamusawa ba su jefar da harafinsu don na'ura ba, na'urar suka sa ta koya. Me ya hana mu?

A watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, Ingilishi da Faransanci kuma harsunan aiki. Muna ganin wurin da za a fara gane ko wannan magana ta sauka daga takarda zuwa ƙasa shi ne teburin mai rubuta takardar haihuwa. Saboda haka muna kira ga hukumomin da abin ya shafa da su sa sharaɗi cewa duk manhajar da za a saya domin rajistar haihuwa, katin ɗan ƙasa, jarrabawa ko banki, dole ta karɓi ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, ta kuma jera su a inda suka dace. Wannan ba gatan Hausa kaɗai ba ne, domin Fulatanci ma yana da ɓ da ɗ da ƴ, Zabarmanci da Tamajak da Barbarci kowane yana da baƙaƙen da babu su a madannan AZERTY. A kuma fitar da ƙa'ida guda ta yadda za a mayar da waɗannan baƙaƙe a inda dole sai A zuwa Z, domin kowane ofis ya daina yin gaban kansa. Makwabtanmu na Nijeriya ma wannan ciwo yana damunsu, kuma babu abin da zai hana masana na ɓangarorin biyu su zauna a kansa.

Mu kuma jama'a akwai namu. Wayoyin Android na yanzu suna da madannan Hausa, kunna su kawai ake yi, saboda haka uzurin babu ƙugiya ya ƙare. Uban da ya yi kwana bakwai yana tunanin suna, ya sayi rago da goro, kada ya kasa tsayawa minti biyar a gaban mai rajista ya ga yadda aka rubuta sunan, in bai iya karatu ba ya je da wanda ya iya, kuma ya riƙe wannan rubutu guda a duk takardun yaron har girmansa. Matasanmu masu sha'awar sunaye na zamani kuma, ba mu hana kowa neman sabon abu ba, amma kafin a raɗa, a tambayi kai ko yaron zai iya amsa wannan suna yana ɗan shekara 5 a cikin ƴan'uwansa, yana ɗan shekara 50 a gaban surukansa.

Yarinyar filin jirgin sama dai muna yi mata fatan alheri, ta girma ta cika sunanta da abin kirki har a manta da dariyar da aka yi mata. Jariran da za a raɗa wa suna a wannan mako kuwa, daga Yamai har Damagaram, Allah ya raya su, ya sa su amsa sunansu da alfahari, ya kuma sa su tarar da ƙasar da ta iya rubuta shi daidai.